Dogon Yaro a Gaban Alƙalan Munik



Sharhinmu na yau zai fara ne daga gindin bishiya. Duk inda kake sauraronmu, ko a Kano ne, ko Maraɗi, ko Maiduguri, ko zangon Kumasi, in ka ɗaga kai da wuya ka rasa ganinta. Wasu na ce mata dogon yaro, wasu darbejiya, wasu maina, wasu kuma bedi. A inuwarta mai shayi ke kafa teburinsa, a nan ake ɗaurin aure in zaure ya cika, a nan akuya ke kwanciya ta ƙi ko kallon ganyen saboda ɗaci. To, wannan bishiya da muka raina saboda sabo, an shafe shekara 10 ana tafka shari'a a kanta a birnin Munik na ƙasar Jamus. Kuma abin da aka yi ta ja a kai tambaya ce guda: hanyar da wani kamfani ya ce ya ƙirƙiro ta sarrafa man 'ya'yanta, sabuwa ce ko tsohuwa?

Kafin mu shiga zauren shari'ar, bari mu fahimci abin da ake rigima a kansa. Akwai wata takarda da hukuma ke bai wa wanda ya ƙirƙiro wani abu, ana kiranta takardar haƙƙin ƙirƙira. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da al'umma. Al'umma ta ce masa: fito da sirrinka fili, ka rubuta shi dalla-dalla yadda duk wani masanin fannin zai iya bi ya yi. Mu kuma za mu hana kowa yin kasuwanci da shi ba da izininka ba har tsawon shekara 20. Bayan nan ya zama na kowa. Ciniki ne mai kyau, domin wanda ya kashe dukiya da ƙuruciyarsa a ɗakin gwaji ya cancanci ya ci guminsa. Sai dai cinikin na da sharaɗi. Abin da ka kawo dole ya zama sabo, wato babu inda aka taɓa bayyana shi a bainar jama'a. Sannan dole ya zama akwai basira a ciki, ba abin da duk wani ɗan fannin zai iya cankowa yana zaune ba. In ka sayar wa mutane abin da dama nasu ne, ka karɓi shekara 20 a kai, to ba ciniki aka yi ba, an yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Asalin dogon yaro ƙasar Indiya ce da maƙwabtanta. Mu baƙuwa ce a wurinmu, zamanin Turawan mulkin mallaka aka yaɗa ta a Afirka ta Yamma, ta samu ƙasa ta zauna daram har ta fi 'yan gida. A kwarin Majiya na Jamhuriyar Nijar, tun tsakiyar shekarun 1970 aka jera ta sahu-sahu don tare iska daga cinye gonaki. Su kuwa Indiyawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna asuwaki da reshenta, suna magani da ganyenta, suna kare hatsi da ita. Turawa ba su farga da ƙarfinta a kan ƙwari sosai ba sai a 1959, lokacin da wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan, ya ga farin ɗango sun sauka sun share duk wani kore, amma sun bar dogon yaro tsaye da ganyensa. A 1968 wasu masana a Ingila suka ware sinadarin da ke hana ƙwaro cin ganyen, aka sa masa suna azadiraktin. Daga nan kamfanoni suka buɗe ido.

A 1990 kamfanin W.R. Grace na Amurka, tare da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, suka shigar da buƙata a Ofishin Haƙƙin Ƙirƙira na Turai da ke Munik. Ga abin da suka ce sun gano. A ɗauki 'ya'yan dogon yaro a niƙa, a tatso man da wani sinadari wanda ba ya haɗuwa da ruwa, yadda man zai fito kusan babu azadiraktin a cikinsa. A ɗebi ɗan kaɗan daga man, a haɗa da wani sinadari mai aiki irin na sabulu don man ya yarda ya gauraya da ruwa, a tsarma, a fesa wa shuka. Sakamakon shi ne a kashe funfunar da ke kama ganye da 'ya'yan itace. A watan Satumba na 1994 ofishin ya amince, ya ba su takarda.

A nan ya kamata mu yi adalci, domin an sha ƙara wa labarin nan gishiri. Kamfanin bai mallaki bishiyar ba. Takardar ba ta hana wata tsohuwa a ƙauyen Indiya, balle a Ɗanbatta, zuba ganye a buhun wakenta ba. Ƙarfinta ya tsaya ne a ƙasashen Turai da aka ambata a ciki, kuma a kan wannan hanya ta haɗi kaɗai. Amma da ta ɗore, duk wani kamfanin Indiya da ya haɗa irin wannan maganin feshi ya kai shi kasuwar Turai, sai ya nemi izini ya biya. Ga kuma abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya: a rubuta a takardar hukuma cewa wani ne ya ƙirƙiro abin da suka tashi suka tarar iyayensu na yi.

Dokar Turai ta ba da wata 9 bayan bayar da takarda, duk wanda bai yarda ba ya shigar da ƙorafi. A 1995 mata uku suka tsaya. Vandana Shiva, 'yar fafutikar kare muhalli daga Indiya. Magda Aelvoet, 'yar Beljiyam, wadda a lokacin take jagorantar 'yan jam'iyyun kare muhalli a Majalisar Tarayyar Turai. Sai Linda Bullard ta ƙungiyar manoman da ba sa amfani da takin zamani da magungunan kanti ta duniya. Hujjarsu ita ce wannan abu ba sabo ba ne.

To amma yaya ake tabbatar da cewa abu ba sabo ba ne? A nan gizo ke saƙar. In ka tsaya gaban waɗannan alƙalai ka ce ai kowa ya sani, ai tun kaka da kakanni ake yi, za su saurare ka cikin ladabi, sannan su jero maka tambayoyi huɗu. Mene ne ainihin abin da aka yi? Yaushe aka yi? A ina, kuma wa ya yi? Sannan an yi shi ne a fili inda kowa zai iya gani ya koya, ko a ɓoye? Kuma ba ya wadatarwa ka nuna cewa ana amfani da dogon yaro a gona. Sai ka nuna cewa an tatso man ta irin wannan hanya, an tsarma shi kusan wannan awo, an fesa shi don wannan cuta, kafin ranar da kamfanin ya fara shigar da takardarsa. A shari'ar sinadarai, bambancin cokali guda a cikin bokiti na iya zama bambancin sabo da tsoho.

Ni kaina na tashi na ga kakata tana wannan aiki. In an kawo wake daga gona, sai ta sa mu tsinto 'ya'yan darbejiya waɗanda tsuntsaye suka tsotse suka yar. A wanke, a shanya, a ɓare, a daka a turmi har su yi laushi. Sai ta riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan tana murzawa da hannu, har man ya fara tsattsafowa ta tsakanin yatsunta, mai wari kamar an haɗa tafarnuwa da gyaɗa. Ta shafe waken da shi, ta ɗaure bakin buhu, ya kai bazara ƙwaro bai huda ko ƙwaya ba. Da za a kai ta Munik a tambaye ta kashi nawa cikin ɗari na mai take sawa, cewa za ta yi: daidai yadda hannu ya ji. A tambaye ta wace shekara ta fara, ta ce shekarar da aka haifi wane. Gaskiya ta faɗa, kuma iliminta ingantacce ne, wake shaida ne. Amma babu alƙalin da zai iya ɗora hukunci a kan yadda hannu ya ji.

Abin da ya ceci masu ƙorafin shi ne wani ɗan kasuwa daga birnin Pune na Indiya, Abhay Phadke. Wannan bawan Allah ya ba da shaida cewa a 1985 da 1986 ya yi gwaji a gonakin manoma a jihar Maharashtra, inda ya tatso man dogon yaro da sinadari, ya tsarma shi, aka fesa wa amfanin gona don maganin funfuna, a fili, manoma na kallo suna kuma yi da hannunsu. Ya zo Munik da kansa aka yi masa tambayoyi. Ranar 10 ga watan Mayu na 2000, sashen sauraren ƙorafi na ofishin ya soke takardar. Ya ce abin da aka nema a farko ba sabo ba ne, kuma gyaran da masu takardar suka yi wa awon don su zille wa shaidar bai nuna wata basira ba.

Magana ba ta ƙare a nan ba. Kamfanin da ya gaji wannan sashe na kasuwancin Grace da gwamnatin Amurka suka ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin ɗaukaka ƙara na ofishin, wanda ya ƙunshi masana fannin da masanin shari'a, kuma hukuncinsa ke rufe magana. Aka sake shekara 5. Ranar 8 ga watan Maris na 2005 kwamitin ya kori ƙarar, takarda ta mutu har abada. Amma ku saurari inda kwamitin ya jingina. Ya ɗauko wata maƙalar kimiyya da wasu masana biyu 'yan Indiya suka buga a farkon shekarun 1980, wadda ta nuna man dogon yaro na hana funfuna tsiro. Ya ce duk masanin da ya karanta wannan, neman awon da ya dace da haɗa shi da sinadarin gaurayawa aiki ne na yau da kullum, ba ƙirƙira ba.

Jama'a, ku duba abin mamaki. Ilimin ɗaruruwan shekaru, na miliyoyin mutane, amma da aka zo ranar hisabi, abin da ya tsaya masa shi ne shaidar mutum guda da ya riƙe shekara da awo, da 'yar maƙala mai ɗauke da kwanan wata.

Ba a kan dogon yaro kaɗai aka yi haka ba. A 1995 ofishin Amurka ya bai wa wasu masu bincike biyu na Jami'ar Mississippi takarda a kan amfani da kurkur, wato gangamau, wajen warkar da rauni. Duk wata uwa a Indiya ta san wannan. Amma a lokacin dokar Amurka ba ta lissafa abin da ake yi a wata ƙasa a matsayin hujja, sai in an buga shi a rubuce. Sai da hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta tono tsofaffin rubuce-rubuce, har da wata maƙala ta 1953 a mujallar ƙungiyar likitocin ƙasar, kafin aka soke takardar a 1997. Amurka ba ta cire wannan bambanci na gida da waje ba sai da sabuwar dokarta ta fara aiki a 2013.

Kada kuma a ɗauka cewa alƙalan Turawa duk sun toshe kunne ga ilimin gargajiya. A 1995, a kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci, an yi shari'ar wani kamfanin magani, Merrell Dow. Takardarsa a kan wani maganin mura da atishawa ta ƙare, sai ya dogara da wata da ya riga ya samu, a kan sinadarin da hantar mutum ke juya maganin zuwa gare shi bayan an haɗiye. Ma'ana, duk wanda ya sayar da tsohon maganin ya taka sabuwar takarda, tunda hantar mai sha za ta ƙera sinadarin ko ta so ko ta ƙi. Alƙali Hoffmann ya ƙi yarda, ya kuma kawo misali da mutanen dajin Kudancin Amurka, waɗanda suka daɗe da sanin cewa ɓawon wata bishiya na maganin zazzaɓi, tun kafin wasu Faransawa su ware sinadarin kwinin daga cikinsa a 1820. Abin da yake nufi shi ne, mutum na iya sanin abu sarai ko da bai san sunansa na kimiyya ba, kuma raɗa wa tsohon yaro sabon suna ba ya mai da shi jariri. Ka ga ƙa'ida tana tare da kakata. Abin da ta rasa shi ne hanyar kai shaidarta zaure.

Indiya ta ɗauki darasi. Ta ga cewa bin kowace takarda ɗaya bayan ɗaya a kotunan ƙetare zai cinye shekaru da kuɗin lauyoyi. A 2001 ta kafa wani rumbun ilimin gargajiya a kwamfuta, aka tattara haɗe-haɗen magunguna daga tsofaffin littattafan Sanskirit da Larabci da Farisanci da Urdu da Tamil, aka fassara zuwa harsunan da masu tantancewa ke karantawa, aka tsara su yadda ma'aikacin ofis a Munik zai iya bincikawa kafin ya sa hannu. Aka ba manyan ofisoshin duniya damar dubawa bisa sharaɗin ba za su fallasa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A matakin duniya ma an matsa: yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta yi magana a kan raba amfanin albarkatun halittu da masu su, kuma a watan Mayu na 2024 ƙasashe suka amince da wata sabuwa a Jeneba, wadda ke neman mai buƙatar takarda ya faɗi inda ya samo tsiron da kuma al'ummar da ta ba shi ilimin.

To mu fa? A Najeriya dokar da ke kula da wannan fanni tun 1970 take, kuma a ƙarƙashinta ofishin rajista na duba cikar takardu ne kawai, ba ya zurfafa binciken ko abu sabo ne. Wanda bai yarda ba, sai ya nufi Babbar Kotun Tarayya. Nijar da Chadi da Kamaru kuwa ofis guda suke tarayya a kai, a birnin Yawunde. Amma tun kafin a kai ga ofis, tambayar da nake yi ita ce: ina rumbunmu? Ina aka rubuta, da awo da kwanan wata, yadda majema ke jeme fata da bagaruwa, yadda dukawa ke rina ta da karan dafi, yadda marinan Ƙofar Mata ke haɗa baba da toka su bar karofi ya nuna? Waɗannan duk hanyoyin sarrafa sinadarai ne, ko da masu su ba su kira su haka ba. Muna da littattafan ɗibbu na ajami a cikin gafakar malamai, wasu gara na ci. Kowane ɗaya daga cikinsu, in an tantance shekarunsa an adana hotonsa, shaida ne da zai iya tsayawa a kowace kotu a duniya.

Kuma mun taɓa nuna cewa za mu iya. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta zauna da wani mai maganin gargajiya, aka yi yarjejeniya da shi, aka ɗauki haɗinsa na ciwon sikila wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen karan dafi da wani itace, aka gwada, aka daidaita awo, aka samu takardar haƙƙin ƙirƙira a Amurka a 1998, maganin da aka sani da Niprisan. Sunan mai maganin na cikin waɗanda suka ƙirƙira. Kasuwancin maganin ya sha tangal-tangal daga baya, amma hanyar da aka bi ta farko ita ce daidai.

Sai dai akwai gargaɗi, musamman ga malamanmu na jami'a da ɗalibansu. Wuƙar da ta yanka kamfanin Grace tana iya yanka ka. In ka gano wata sabuwar hanya ta gaske a ɗakin gwaji, ka yi gaggawar buga ta a mujalla don neman ƙarin girma, ko ka bayyana ta a taro, ko ka ɗora bidiyonta a Facebook, to a idon ofishin Turai ka kashe sabuntarta da bakinka. Ba ruwansu da cewa kai ne ka faɗa. Magana zarar bunu ce. Saboda haka abin da ke na kowa, na gado, a rubuta shi a adana don kada wani ya yi masa shinge. Abin da kai ka ƙirƙiro kuwa, ka fara shigar da takarda, sannan ka hau mumbari.

Kakata ta rasu da awonta a tafin hannunta. Babu ɗayanmu da ya zauna kusa da turmin da takarda da alƙalami, har da ni da aka sa a makaranta. A unguwarku yau akwai irinta, wataƙila ma a gidanku: mai sabulun salo, mai daddawa, unguwarzoma, baduku. In an kashe rediyo, a je a gaishe su, a nemi izininsu, a tambaye su cokali nawa, kwana nawa, wa ya koya musu. A rubuta sunansu a sama, a sa kwanan wata a ƙasa.